Rumbun Zakkar Tsamiya Biyu

Ja'afaru mutumin Tsamiya Biyu ne, wani ɗan ƙauye da ke bayan Madadi a ƙasar Gwarzo. Tun yana saurayi ya tafi Kano ya sami aiki a wata masaƙa, da albashinta kuma ya auri Asiya, 'yar wani manomi a Getso. Suka kama ɗaki guda a gidan haya. Asiya siririya ce mai saurin dariya, muryarta da ɗan kaushi kamar ta wanda mura ba ta gama saki ba. In za ta faɗi magana mai nauyi sai ta yi gyaran murya ta ce, "To, ni dai a nawa ganin," sannan ta faɗa. Ja'afaru yakan kwaikwaye ta, ita kuma ta jefe shi da mafici.

Ba su daɗe da aure ba aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Shinkafa da sabulu da madara suka koma sai an bi layi, wani lokaci mutum ya wuni a rana ya dawo bai samu ba. Masaƙa ta rasa kayan gyaran injuna, ta fara rage ma'aikata, aka haɗa da Ja'afaru. Suka ɗaure kayansu suka dawo ƙauye don ya noma gonar da mahaifinsa ya bari. A shekarar ne kuma ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. Abin da suka girbe bai kai su ko'ina ba.

Kafin wata daminar ta yi nisa rumbun gidan ya zama fanko. Asiya takan tsinko tafasa ta dafa, ta kwaɗa da dusa, ta zuba wa surukarta, ta zuba wa mijinta. In ya tambaye ta ina nata, sai ta ce ta ci a maƙwabta. Wata safiya tana daka taɓarya ta suɓuce mata, ta zauna a ƙasa ta dafe kai, ta daɗe ba ta iya miƙewa ba. Ja'afaru ya shiga maƙwabtan ya yi tambaya, aka ce ai Asiya ba ta taɓa cin ko loma a gidan ba.

Washegari ya ɗora ta a bayan keke ya kama hanyar Getso, don ya san mahaifinta yana da sauran tsohuwar dawa. Da suka hango gari sai ta yi magana.

"Ni fa ban ce maka na gaji ba," in ji ta.

"Na sani," ya ce. "Ki zauna wajen Baba ki ɗan murmure. Da na sami abin riƙe gida zan zo in ɗauke ki."

Daga nan ya tafi cirani. Ya yi dako a Kaduna, ya yi a Jos, amma ko'ina cike yake da korarrun ma'aikata irinsa, abin da yake samu da ƙyar yake isar shi da tsohuwarsa. Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Mahaifin Asiya ya aika a kira shi. Suka zauna a zaure, tsohon ya yi masa magana a hankali, ba faɗa ba gori, ya ce yarinya ba ta tare da miji kuma ba bazawara ba ce, in yana da halin ɗaukarta ya ɗauke ta yau, in babu ya sawwaƙe mata. Ja'afaru ba shi da hali. Ya sawwaƙe mata. Bai gan ta ba ranar. Yana dai jin ana daka a cikin gida lokacin da ya shigo, da zai fita kuma ya ji an daina. Bayan wani lokaci ya ji labarin ta auri wani tela a Kabo.

Daga baya al'amura suka warware masa. Ruwa ya dawo, gona ta karɓe shi, ya auri Sauda, mace mai haƙuri, ta haifa masa yara uku kafin ta rasu a wajen haihuwa. Ƙanwarsa ta dawo gidan tana kula da yaran. Aka san Ja'afaru a ƙauyen da abu ɗaya: ba ya sayar da tsohon hatsi sai sabo ya shigo gida, ko da kuwa farashi ya kai inda ya kai. Bai taɓa ambaton Asiya ga kowa ba. Sai dai in ya shiga mota zuwa Kano yakan nemi kujerar bakin taga, in an zo Kabo ya riƙa duban matan da ke wucewa a gefen titi har motar ta fita gari. Bai taɓa ganin ta ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano mutane suka yi ɗoki ƙwarai. Ƙauyukan yankinsu suka haɗu suka kafa kwamitin tara zakkar hatsi, aka ba Alhaji Maikuɗi shugabanci, wani ɗan kasuwa mai sito a Gwarzo. Daga Tsamiya Biyu aka saka Ja'afaru da liman, Malam Jibirin, abokinsa tun na makarantar allo. A kakar nan har waɗanda ba su saba fitar da zakka ba suka fitar. Aka sussuke geron da dawar, aka zuba a buhuna, aka haɗa da waken da wasu suka bayar sadaka, aka kai siton Alhaji. Shawarar ita ce a gayyato wani babban baƙo daga birni ya buɗe rabon a bainar jama'a, don sauran garuruwa su gani su yi koyi. Ja'afaru da kansa ya ɗauki buhuna ya jera su har kusa da rufin kwano, ya tsaya yana kallonsu yana murna. A ransa ya ce bana dai ba gidan da zai ci dusa.

Aka sa rana, aka ɗaga. Aka sake sawa, baƙon ya yi tafiya ƙasar waje. Rani ya wuce, ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka shiga marka, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo kuma bai nuna ba. Wata tsohuwa, Inna Asta, da ke riƙe da jikoki marayu, ta zo ƙofar gidan Ja'afaru da 'yar ƙwaryarta.

"Ja'afaru, ina hatsin da kuka ce namu ne?"

"Yana Gwarzo, Inna. An kusa rabawa."

"Tun rani ake kusa rabawa. Yaran nan jiya da rama suka kwana."

Ya shiga rumbunsa ya ɗebo mata. Bayan ta wasu suka biyo, yana ba su har ƙanwarsa ta fara yi masa tuni cewa shi ma yana da bakunan da zai ciyar. Ya yi ta zarya a keke tsakanin ƙauye da Gwarzo. Alhaji Maikuɗi ba mugu ba ne, kunya ce ta riƙe shi, don ya riga ya yi wa manya alkawarin ba za a taɓa hatsin ba sai sun zo. Ranar da Ja'afaru ya zo masa da liman, suka zauna a ƙofar shagonsa suka ce ba za su tashi ba, sai Alhaji ya miƙe ya ɗauko makulli.

Tun kafin ƙofar ta gama buɗewa wari ya tare su. Kwanon ya yi yoyo ta baya, ruwa ya bi bango ya shiga ƙarƙashin buhunan. Na ƙasa sun dunƙule sun yi funfuna, wasu har sun tsira, saiwa ta huda buhu. Waken kuwa ƙwari sun mai da shi gari. Alhaji ya tsuguna ya ɗebi dawar a hannu, baƙa ƙirin, ya riƙa maimaita, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ja'afaru ya matso. Ya ɗebi kaɗan ya ƙulle a gefen rawaninsa. Suka wuni suna ware abin da ya tsira daga lalacewa, bai kai rabi ba, washegari aka raba wa ƙauyuka ba tare da baƙo ba.

Ja'afaru ba mai magana ba ne. In ana taro a can baya yake zama. Amma daga ranar nan ya kasa yin shiru. Ya je wajen dagaci, ya je fadar hakimi ya jira a ƙarƙashin inuwa har aka ba shi dama, ya riƙa bin masallatan Juma'a yana roƙon a ba shi ɗan lokaci bayan sallama. Abin da yake nema ba shi da yawa. Ya ce a daina kwashe zakkar ƙauye ana kai ta gari. Kowane ƙauye ya gina rumbun ƙasa a kusa da masallaci, a ajiye hatsin a damensa yadda iyaye suke yi, a buɗe shi in marka ta zo, kuma kada a jira kowa kafin a buɗe. In ya gama sai ya kwance ƙullin ya miƙa dawar a zagaya da ita, kowa ya sansana. Wasu suka ce gaskiya ya faɗa. Wasu suka ce kansila yake son tsayawa. Wani ma ya ce masa yana ɓata sunan Shari'a a idon masu neman laifinta, wannan maganar kuwa ta yi masa ciwo, don shi a ganinsa kare ta yake yi.

Da rani ya zo aka kira taron kwamitocin zakka na yankin a Kabo, a filin wata makaranta. An kafa rumfuna, maza a gaba, mata kuma an kewaye musu wuri da zana a gefe, aka ja musu wayar lasifika ta ƙarƙashin zanar. Malam Jibirin ya matsa sai da aka ba Ja'afaru magana. Ya tashi ya faɗi abin da ya saba faɗa, sai dai ya yi ta sarƙewa, ya manta rabin abin da ya shirya. Yana zama wani matashin malami ya miƙe, cikin ladabi, ya ce zakkar amfanin gona ranar girbi ake fitar da ita, haƙƙin talaka ce, ba wanda yake da ikon riƙe masa ita wata da watanni, ko a sito ko a rumbu. Jama'a suka yi na'am. Ja'afaru ma ya san malamin bai yi ƙarya ba.

Sai mai gabatarwa ya ce akwai wata baiwar Allah a ɓangaren mata da take son magana. Lasifika ta yi ƙara, aka ji sallama, aka ji an yi gyaran murya.

"To, ni dai a nawa ganin..."

Nan take Ja'afaru ya gane muryar Asiya ce. Ya dafa kafaɗar liman.

"Lafiya?" in ji Malam Jibirin.

"Lafiya," ya ce, idonsa a kan zanar. Ba abin da ake gani sai ƙafafun mata ta ƙasa da kan yaran da ke wasa.

Muryar ta ci gaba, da kaushinta yadda ya san ta, sai dai ta ƙara nauyi. Ta ce malam ya faɗi gaskiya, hatsin na talaka ne tun ranar girbi. Amma a tambayi talakan. A kaka ba wanda yake kwana da yunwa, ko kala mace ta yi a gonakin mutane za ta tara abin tuwo. In aka ba ta buhu a lokacin, ga ciwon yaro, ga biki, ga mai bi, sai ta kai kasuwa lokacin da hatsi ba shi da daraja. Ta ce ita da kanta ta yi hakan shekarar da mijinta ya rasu, ta kuma yi nadama a marka. Da za a ba ta rabonta a ce nata ne, a tambaye ta ko tana so a ajiye mata wani abu a rumbun masallaci amana, da ita ce ta farkon cewa a ajiye.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce tun da ana maganar abincin da ke lalacewa, duk wanda ya biyo hanyar dam da safe ya ga tumatir jibge a bakin titi yana ruɓewa, saboda wahalar mai ta hana manyan motoci zuwa ɗauka zuwa Kudu. Ta ce su mata suna yanka shi su shanya ya zama kauɗa, amma a ƙasa suke shanyawa, yashi ya shiga, awaki su taka. Da za a yi musu daɓen siminti a kewaye, manoma kuma su riƙa ba su abin da ya rasa mai saye maimakon zubarwa, da gidaje da yawa sun yi miya har damina.

Matashin malamin ya sake miƙewa ya ce in dai da yardar mai haƙƙi ne, kuma an ba shi wani abu a hannu tun kaka, shi bai ga laifi ba. Manyan malamai suka yi ta jayayya a kai har azahar, daga ƙarshe suka tsaya a kan hakan, aka ce za a kai maganar gaba.

Bayan salla mutane suna watsewa, Ja'afaru ya tsaya a gindin wata darbejiya kusa da ƙofar makarantar, ya rasa abin da ya tsayar da shi da kuma abin da zai sa ya tafi. Sai ga wani mutum ya nufo shi, ya ce sunansa Mahbub, manomin tumatir ne, matar marigayi yayansa ce ta yi magana ɗazu, kuma tana son su gaisa. Tana biye da shi a baya cikin dogon hijabi ruwan toka. Ta yi ƙiba kaɗan, fuskarta ta faɗa ta wajen idanu. Ta tsaya nesa kaɗan ta rusuna.

"Malam, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Yaya mutanen gida? Yaya Inna, tsohuwarka?"

"Inna ta rasu, an daɗe."

"Allahu akbar. Ban ji ba. Allah ya jiƙan ta, ya yi mata rahama."

"Amin. Ashe ku ma an yi muku rashi. Allah ya gafarta masa. Yaya yara?"

"Suna nan lafiya. Yaya naka?"

Suka yi ta gaisuwar, in ta ƙare su sake ɗauko ta daga wani gefen, har Mahbub ya matsa ya shiga duba tayar babur ɗinsa. Can ta ce, "Da ka tashi magana ban gane ka ba sai da ka sarƙe. Na ce wannan shi ne."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, ta rufe baki da gefen hijabi. Ta ce yara suna jira, ta yi masa sallama. Ya bi ta da ido har ta sha kwana.

A motar komawa Gwarzo Malam Jibirin ya dube shi ya ce, "Ita ce ko?" Ja'afaru ya gyaɗa kai.

Maganar da aka ce za a kai gaba ta tafi birni, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Amma hakimi ya kira dagatai ya ce duk ƙauyen da ya ga zai iya, ya gina rumbunsa. Wasu suka gina, wasu suka ce sai an turo musu da umarni a rubuce. A Tsamiya Biyu Ja'afaru bai jira kowa ba. Ya ɗebo duwatsu ya kafa gindi a bayan masallaci, ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, yana ɗora sahu ɗaya ya bari ya bushe ya ɗora wani. Da mutane suka ga abin ya fara tashi sai suka riƙa zuwa, wannan ya kawo ruwa, wancan ya kawo ciyawar jinka. Alhaji Maikuɗi, wanda tun ranar sito ba ya iya haɗa ido da shi, ya zo da kansa ya ga aikin. Ja'afaru ya ba shi labarin matan Kabo da tumatirinsu. Sai Alhaji ya ce shi zai ba da simintin daɓen, ko Allah zai yafe masa hatsin bayin Allah da ya lalace a hannunsa.

Wannan ya sa Ja'afaru ya sami dalilin zuwa Kabo. Ya raka motar siminti, ya koma ganin filin da mai unguwa ya bayar, ya sake komawa lokacin da ake zuba daɓen. Kowane zuwa yakan biya gidansu Mahbub ya yi sallama a zaure. Wani lokaci Asiya ta fito su gaisa, su yi maganar aikin, wani lokaci ta aiko da fura a ce tana gaishe shi. Yakan dawo gida ya zauna yana tuna kalmomin da ta faɗa ɗaya bayan ɗaya, ko da kuwa a kan tsayin katanga ne da inda za a sa ƙofa.

Kaka ta zo, aka zuba damman zakka a sabon rumbu bayan an ba kowane mai haƙƙi wani abu a hannu. Mutum biyu suka ce a ba su nasu duka, aka ba su. Inna Asta ta ce a ajiye mata, amma sai ta ga an rufe da idonta, aka kawo mata kujera ta zauna har aka ɗora jinka. Da marka ta zo liman ya yi sanarwa bayan sallar asuba, aka buɗe. Geron ya fito tas, yana ƙamshi. Bai ishi kowa yadda ake so ba, ƙauyen ya fi rumbun girma, amma ya kai mutane har tumu ya nuna.

Bayan wannan ne Ja'afaru ya roƙi Malam Jibirin ya je Kabo ya yi wa Mahbub maganar neman auren Asiya. Liman ya je ya dawo ya ce ta ce shi ya zo da kansa.

Ya sa sabuwar rigarsa ya tafi. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ta fito ta zauna a bakin ƙofar shiga gida, rabin jikinta a ciki. Daga tsakar gida ana jin wata tsohuwa tana kiran yara ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ji ta?" in ji Asiya. "Uwar marigayi ce. Idonta ya tafi tun kafin ɗanta ya rasu. Ni nake yi mata wanka, ni nake ba ta abinci a baki in ciwon ya motsa. Ba ta yarda da hannun kowa sai nawa. Ba za ta bar ɗakin da ɗanta ya gina mata ba, ni kuma ba zan bar ta ba. Ga yara huɗu, dangin ubansu ba za su bari a kai su wani gari ba, kuma suna da gaskiya."

"Zan iya zuwa nan in riƙa..." Ya tsaya, don shi ma ya san ba zai yiwu ya zauna a gidan wani ba, ga nasa yaran, ga gona.

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin tabarma. "Malam, ba ƙin ka nake yi ba. Lokacin da nake Getso, in na ji ƙarar keke a waje sai na leƙa. Har bayan an kawo ni garin nan ban daina ba, sai da na haihu. Ban taɓa riƙe ka a zuciya da sharri ba, na san abin da ya raba mu." Ta share ido da bayan hannu. "In Allah ya ƙaddara da sauran zama tsakaninmu, ba mai hanawa. Amma kada in ce maka ka jira. Ban san ranar ba."

"Ban ce ki sa min rana ba," ya ce.

Tsohuwar ta ƙwala kira daga ciki, "Asiya! Asiya, ina kika shiga?"

"Ga ni nan, Inna!" Ta miƙe. "Ka gaida yara. Allah ya kiyaye hanya."

Bai daina zuwa Kabo ba, sai dai ya rage. Aikin rumbu ya ci gaba da cinye masa lokaci, don ƙauyukan da suka ƙi a farko sun fara aikowa a zo a nuna musu, shi kuma ba ya ƙin zuwa. A wasu wuraren abin ya zauna, a wasu ya watse saboda rigimar wanda zai riƙe makulli. Har yanzu in an yi taro yakan tashi ya roƙi a mai da abin doka, har yanzu kuma yana sarƙewa.

Wata rana da rani, lokacin da tumatir ya cika kasuwa, ya sauka a Kabo a hanyarsa ta dawowa daga Kano. A gidansu Mahbub aka ce masa Asiya tana wajen shanya tun safe. Ya hau acaɓa ya ce a kai shi hanyar dam. Tun daga nesa ya hango daɓen, ja wur daga wannan bango zuwa wancan, har an shimfiɗa tabarmi a waje don wurin bai isa ba. Mata sun fi ashirin a ciki, wasu a zaune suna yanka, wasu a sunkuye suna jerawa, duk cikin hijabai, rana tana dukansu. Wurin mata ne, bai dace ya matsa ba. Ya sa ɗan acaɓan ya tsaya a bakin titi, ya kare ido da hannu yana dubawa. Ya ga wata mai tsayinta, ta juyo, ba ita ba ce. Ya ga wata can ƙarshe tana nuna wa wasu inda za su ajiye kwando, ya yi zaton ita ce, amma nisan ya yi yawa. Iska tana kawo masa hirarsu da dariyarsu a gauraye, ya kasa kunne ko zai tsinci tata, bai iya rabewa ba.

"Baba, in kira maka wata ne?" in ji ɗan acaɓan.

"A'a, bar su, aiki suke."

Ya ƙara tsayawa kaɗan. Sannan ya hau, ya ce a mai da shi tasha kada motar Gwarzo ta cika.